Ƙarfen Sabis Da Alalen Ladidi

SHAFI NA 19

Masu cika mini waya tun asuba da "ina ci gaba, ina ci gaba," to ga shi nan, ku bar ni in sha ruwa. Ku kuma da kuka kwana kuna zagin tsoho Sodangi a guruf, ku tanadi bakin ba shi haƙuri.

Sababbin shigowa, ga inda muke. Kaura Namoda ce, a shekarun da shari'a take sabuwa, wayar hannu ma take sabuwa. Kamfanin waya ya kafa dogon ƙarfen sabis a filin tsoho Sodangi, jikin katangar firamaren 'yan mata ta unguwa. Ba a yi nisa da kunna shi ba, ranar Litinin bayan an tashi tara, yara suka dinga zubewa suna amai, miyau na dalala. Gari ya ce ƙarfen ne. An rufe makaranta, an jefi Sodangi. Duk yaran sun warware, sai Hamida, jikar shi Sodangin, ita ce har yau take kwance a asibiti.

Yau za mu shiga gidan Ladidi, bazawarar da ke sayar wa yaran alale a cikin makaranta.

*

Ruwan da aka yi da asuba ya ɗauke, amma tsakar gidan Ladidi ko tsintsiya ba ta gani ba. Gwangwanayen alale na nan a kife bakin rijiya tun ranar Litinin, har sun soma tsatsa. Ita kuwa tana bakin ƙofar ɗaki ta rafka tagumi. Carbi ne a hannunta, amma da za ka tambaye ta me take ja, ba za ta iya faɗa maka ba.

Sai ta ji ƙarar babur a ƙofar gida. Gabanta ya yanke ya faɗi. Ko cikin barci ta san kukan wannan babur, na ƙanenta Maiwada ne daga Ɗan Isa.

"Salamu alaikum! Yaya, kina ciki?"

"Shigo mana."

Ya shigo wando a naɗe, ƙafa duk taɓo, fuskar nan sai fara'a irin ta manomin da ya kwana yana jin ruwa a kan kwano.

"Ina kwana, Yaya? Ya ruwa?"

"Ruwa ya yi gyara."

"Wallahi ya yi. Gero ya kai gwiwa, ƙasa ta sha. Yau ko kasuwar Shinkahi ban zuwa. Irin wakena niz zo ɗauka, in jehwa shi tun da danshi."

Ladidi ta bi ƙofar ɗakin ajiya da kallo.

Wannan iri tun rani Maiwada ya kawo mata ajiya. Ya barbaɗe shi da jan maganin nan da manoma ke sa wa irin shuka don kada ƙwari su ci, ya ɗaure bakin buhun, ya ce gidansa yara sun yi yawa, kar wani ya ɗiba ya jefa a baki. Gidan Yaya babu ƙananan yara, nan ne ya fi aminci. Har da ɗaga mata yatsa ya yi ranar, ya ce wannan ba na ci ba ne.

Ya shige ɗakin ajiya yana 'yar waƙarsa. Waƙar ta tsaya.

Ya fito da buhun a hannu, yana ɗaga shi yana saukewa. Manomi ne, hannunsa ya san nauyin abin da ya ajiye.

"Yaya."

"Na'am."

"Wanga ba ɗaurina ba ne."

Ta sunkuyar da kai.

"Kuma ya rage. Ɓera ne? A'a, ɓera ba ya ɗaure baki in ya gama. Wa yat taɓa mani iri?"

"Zamna, Maiwada."

"Ban zamnawa. Wa yat taɓa shi?"

"Ni ce."

Ya ɗan yi dariya, don bai gane ba tukuna.

"Ke? Gona kinka samu ban sani ba? Ina kinka shuka shi?"

Ta ɗago ta dube shi. Idanun nan sun yi ja, sun kumbura, kwana da kwanaki ba su ga barcin kirki ba.

Dariyar ta bushe a bakinsa. Ya dubi gwangwanayen da ke kife, ya dubi buhu, ya sake duban yayarsa. Buhun ya suɓuce daga hannunsa.

"Innalillahi wa inna ilaihi raji'un. Yaya, ba dai..."

"Ka yi a hankali, katanga ba ta da tsawo."

"Ba dai ɗiyan makarantag ga ba!"

Sai hawaye. Tun ranar Litinin take haɗiye maganar nan, yau da ta sami kunne ɗaya sai ta ɓalle mata gaba ɗaya.

"Akuyar maƙwabta ta shigo da asuba ta tuntsurar da waken da nij jiƙa, ta ci, ta tattake saura cikin taɓo. Kasuwa ba ta buɗe ba. Hajiya Balaraba shugabar makaranta ta riga ta ce mani duk ranar da nik ƙi zuwa, akwai mata da yawa da ke son wurin. Nir rasa yadda za ni yi. Sai idona yak kai kan buhunka."

"Ban ce maki ba na ci ba ne?"

"Ka ce."

"To?"

"Ce nai a raina maganin a jikin ɓawo yake. Alale kuwa ai sai an surhe wake, ɓawon duk ya tahi. Na wanke shi, Maiwada. Na wanke, na sake, na sake, har ruwan ya daina ja. Waken ya hito hwari tas, ka rantse yanzu anka sayo shi."

"Kuma da kinka ɗanɗana ba ki ji ɗaci ba? Ba ki ji wari ba?"

Nan ne muryarta ta karye.

"Litinin ce. Ina azumi."

Maiwada ya dafe kai da hannu biyu. Duk unguwa ta san Ladidi da azumin Litinin da Alhamis tun rasuwar mijinta. Hannunta ya san gishiri, ya san barkono, a ranakun nan ba ta buƙatar harshe. Da kowace rana ce ba wannan ba, da ita za ta fara kai loma, da a kanta abin zai tsaya.

"Ita wagga da ke kwance har yanzu fa? Don mi nata yaf hi?"

Ladidi ta toshe baki da gefen zane.

"Gyara nai mata. Marainiya ce, ba uwa. Kullum in ta saya ina ƙara mata gwangwani guda. Ran nan har biyu nik ƙara mata, don ta ce mani ba ta karya ba."

Daga nesa ana jin gurnanin janaretan ƙarfen sabis, wanda ba ya hutawa dare da rana.

Ni dai na so a ce Maiwada ya kama hannun yayarsa ya ce tashi mu je asibiti. Amma tsoro ya riga tausayi isa zuciyarsa. Ya tsuguna gabanta ya rage murya.

"Wa yas sani?"

"Ba kowa. Kai kaɗai."

"To ya tsaya haka."

"Maiwada..."

"Ya tsaya haka, Yaya! Kin san lokacin da muke ciki? Mutanen da sunka hwasa ma tsoho Sodangi goshi a bakin masallaci, a kan hili kawai, ke mi kike jin za su yi maki? Kahin a kai ki gaban alƙali sun gama da ke. Kuma in an tambaye ki ina kinka samu waken, mi za ki ce? Na Maiwada ne. Ni ina da ɗiya, ina da tsohuwarmu a gida, wadda ko tari mai ƙarhi aka yi sai jininta ya hau."

"Amma ana ɗora ma wanda bai ji ba bai gani ba."

"Ƙarhe anka ɗora ma! Ƙarhe ba shi jin zahi, ba shi da uwa, ba shi da ɗiya. Bari shi ɗauka. Dama kowa ba ya son shi nan wurin."

"Ƙarhe ba shi ji. Sodangi fa?"

Maiwada ya miƙe, ya tattara 'yan ƙwayoyin da suka zube a ƙasa ɗaya bayan ɗaya, ya saɓa buhun a kafaɗa.

"Kahin azahar duk shina cikin ƙasa. Babu buhu, babu magana. Ki yi istigihwari, Allah na gahwara. Amma wallahi in kinka buɗe baki, kin kashe gidanmu."

Ya fita ko sallama babu.

*

Kukan babur bai gama ɓacewa ba aka sake yin sallama a zaure. Murya ce ta tsoho, a hankali, irin ta wanda bai tabbata za a amsa masa ba.

Ta zura hijabi ta leƙa.

Sodangi ne. Filasta a goshi, rawanin nan da kullum yake naɗawa tsaf yau a rataye yake a wuya. Ya rame a 'yan kwanakin nan har riga ta yi masa yawa. A hannunsa akwai ɗan kwanon sha mai murfi.

Ladidi ta durƙusa.

"Baba, ina kwana."

"Lahiya lau, ɗiyata. Na gode da kinka amsa. Yanzu sallamata ba kowane zaure take shiga ba."

"Ya mai jiki?"

"To, da sauƙi dai za a ce."

Ya jingina da bangon zaure, ya juya kwanon a hannunsa.

"Da asubag ga ta buɗe ido. Ni ban gani da kyau ba, ta taga nike leƙe. Shamsu ya rantse ba ni shiga ɗakin. Ya ce ni nis sayar da ɗiyatai don a kahwa ƙarhe. Ɗan da nih haihwa, Ladidi. In munka haɗu a baranda sai ya kau da kai."

"Ka yi haƙuri, Baba."

"Ai shina da gaskiya. Da anka zo neman hilin, ce nai alheri ne. Mutum shi kira ɗan'uwanai a Gurbin Ɓore ba sai ya shiga mota ba. Ashe da hannuna nij jawo ma jikata."

Kowace kalma tasa sai ta ji kamar ana ɗora mata dutsen niƙa a ƙirji.

Ya miƙo kwanon.

"Ma'aikaciyar ɗakin tac ce mani da ta hwarka abu guda ta hwaɗa. Ta ce alalen Inna Ladidi take so. Na san kin daina yi tunda anka rufe makaranta. Amma ko ɗan kaɗan ne, don Allah. Ƙila ta ci."

Ladidi ta kasa miƙa hannu. Ta kasa cewa to, ta kasa cewa a'a.

Tsohon ya fassara shirun nata da wani abu daban. Ya janye kwanon a hankali.

"Na gane. Ke ma na ja maki. Wurin neman abincinki ne anka rufe saboda ni. Ki yahe mani, ɗiyata."

"Baba, don Allah ka daina!"

"Dole in roƙa. Ina bin gida-gida, wanda yab buɗe mani in roƙe shi."

Ya share ido da bakin rawani, sai kuma ya ɗan yi murmushin takaici.

"Kin san har hwaɗa nai saboda ke jiya? Likitan nan yaro, ya kira ni gehe. Wai shi bai yarda ƙarhe ne ba. Wai wani abu ne yash shiga cikinta. Ya ce in da sun san ko mine ne, akwai allurar da za su nema, yanzu lalube kawai suke cikin duhu. Yana ta tambaya, mi tac ci, mi tas sha."

Ladidi ta ɗago da sauri.

"Mi kac ce mashi?"

"Nac ce abin da take ci kullum, alalen Ladidi. Sai yac ce a kira ki. Nan nit taso mashi. Nac ce kai yaro, ka iya bakinka. Matag ga shekara da shekaru tana ciyar da ɗiyanmu, ko ciwon ciki ba a taɓa yi ba. Kak ka ɗauke laihina ka ɗora ma baiwar Allah mai azumi. Mutane ma sun ce kamhwani ne yas sayi likitan."

Ya Allah. Tsohon da aka fasa wa goshi saboda ita, shi ne ya tsaya yana kare ta. Kunya da nadama suka haɗu suka rufe ta. Ta buɗe baki. Wallahi ta buɗe.

"Baba, akwai maganar da..."

"Na san ta," ya katse ta. "An ce ke za ki ba da shaida a taron la'asar, tunda a gabanki sunka zube. Shi kike jin nauyi ko? Kak ki ji nauyina. Ki hwaɗi abin da kinka gani, ko da a kaina zai ƙare. In cire ƙarhen da korata daga unguwa zai tada Hamida, ni na yarda tun yanzu."

Ya ajiye kwanon a dokin ƙofa.

"Ga shi nan dai. In kin samu hali."

Ya juya yana jan ƙafa. Tana ganinsa har ya sha kwana, mutane biyu da ke zaune a dakali suka tashi suka shige gida don kada ya gaishe su.

*

Kar ku ce Ladidi ba ta yi yunƙuri ba. Ta yi.

Wajen hantsi ta kulle gida ta fita titi. Lokacin doka ta hana mace hawa acaɓa, sai ta tsaya jiran tasin mata, ga rana ta buɗe bayan ruwa, ga azumin Alhamis a bakinta. Da ƙyar ta samu. A cikin motar ma hirar ke nan. Wata na cewa tunda aka kunna ƙarfen kajinta suka daina ƙwai. Wata ta ce jar fitilar da ke samansa ita ke zuƙe jinin yara. Wata mai goyo ta dafa Ladidi ta ce, "Sannu Inna, ke ma Allah ya tsare ki, kullum kina ƙarƙashinsa."

Ta sauka a ƙofar asibiti. Ta shirya maganarta tsaf a zuci. Za ta nemi likitan, ta ce masa jan maganin iri ne, ya aika Ɗan Isa a tambayi Maiwada sunansa, don ita ba ta iya karatun boko ba.

Tana sa ƙafa a ƙofar sai ta hango Shamsu, uban Hamida. Yana tsaye ƙarƙashin dalbejiya da wasu samari majiya ƙarfi, idonsa jajir, yana nuna ƙasa da yatsa.

"Wallahi in ɗiyag ga ta tahi, duk mai hannu ciki sai ya bi ta. Ko wane ne!"

Ƙafarta ta ƙi gaba.

Ta ce bari ta jira su watse. Ba su watse ba. Ta ce bari ta yi azahar tukuna, ta roƙi Allah ya ba ta ƙarfin zuciya. Ta koma gida ta yi azahar. Ta ce bari rana ta ɗan yi sanyi.

Haka mai tsoro yake yi, ba ya cewa ba zan yi ba, sai dai ya ce anjima. Tana cikin anjimar nan aka kira la'asar, Hajiya Balaraba ta aiko a tafi da ita.

*

Filin makaranta ya cika ya batse. Maza a gaba kan tabarmi, mata a baya, 'yan agaji a tsakani da sandunansu. Ƙarfen na tsaye a bayan katanga, dogo har sai ka ɗaga kai hula ta faɗi, janareta na ta aikinsa kamar ba da shi ake ba.

Can gefe, nesa da kowa, Sodangi na zaune a kan takalminsa. Babu wanda ya matsa masa tabarma.

Mai unguwa ya yi bayani. An gama shawara, za a kai ƙara gaban alƙali a tumɓuke ƙarfen, shi kuma wanda ya ba da filin ya nemi wata unguwar. Abin da ya rage shi ne shaidar wanda ya gani da ido, wanda in an je kotu zai iya dafa Alƙur'ani.

Hajiya Balaraba ta miƙe daga cikin mata, ta gyara mayafi.

"Ga Ladidi nan. A gabanta anka yi komi. Kuma kowa ya san ta, mace ce mai ibada. Yanzu haka da azumi a bakinta. Wadda ke azumin Alhamis ba ta zo nan ta yi muna ƙarya."

Aka ɗauka, "Gaskiya ne! Gaskiya ne!"

Aka buɗa mata hanya. Ta taka har gaban liman, ta durƙusa daga gefe. Bakinta ya bushe ƙayau.

Tana ɗaga ido ta gan shi. Maiwada, a layin baya na maza, hannunsa da sauran jar ƙasar gona. Ashe bai iya zama a Ɗan Isa ba. Ya kafe ta da ido, ya girgiza kai a hankali.

Liman ya yi gyaran murya.

"Malama Ladidi, ki ji tsoron Allah, ki hwaɗi abin da kinka sani. Ranar Litinin kina cikin makarantag ga?"

"Ina ciki."

"Ɗaga murya, na baya ba su ji."

"Ina ciki, Malam."

"Ina yaran sunka zube?"

"Nan... nan gindin katanga."

"Katangar da ke jikin ƙarhe?"

"I."

Fili ya ɗauki guna-guni. Wani ya ce, "Kun ji ko!" Gaskiya ta faɗa, a nan suka zube. Abin da ba ta faɗa ba shi ne a gindin katangar take ajiye tiren alalenta, don nan ne inuwa.

Liman ya ɗaga hannu aka yi shiru.

"To a saninki, kahin su zube, akwai wani abu da yas same su? Sun ci wani abu baƙo? Sun sha wani abu? Ko lahiyarsu lau sai ƙarhen kawai?"

Kalma ɗaya ake nema a wurinta. Ta ce babu, a shafa fatiha, kowa ya tafi gida. Ta sha ruwa da magariba, sunanta na nan fari tas.

Ta waiga wajen Sodangi. Tsohon ya gyaɗa mata kai, yana ba ta ƙwarin gwiwa ta gama da shi.

Wannan gyaɗa kan ne ta kasa ɗauka.

"Malam."

"Muna jin ki."

"Ba ƙarhen ba ne."

Liman ya matso da kunne.

"Mi kinka ce?"

"Ba ƙarhen ba ne! Baba Sodangi ba shi da laihi. Alalena ne. Da irin shuka nai shi, mai jan magani. Na wanke, na zaci ya hita. Ni ce nib ba su. Ni ce nik ƙara ma Hamida. Don girman Allah wani shi ruga asibiti shi hwaɗa ma likita, maganin iri ne, shi nemo allurar!"

Ba a taɓa yin shiru irin wannan a Kaura ba. Hajiya Balaraba ta saki baki, mayafinta ya zame ba ta sani ba. A layin baya, wurin da Maiwada yake zaune ya zama wayam.

Kafin kowa ya sami bakin magana, sai ga babur ya shigo filin a guje. Mai shi bai tsaya kafe shi ba, ya sake shi ya faɗi, taya na ta juyawa.

Shamsu ne. Ba hula, ba takalmi.

Ya ratsa tabarmi yana tangaɗi har gaban liman, ya zube a kan gwiwa. Ko kallon inda ubansa yake bai yi ba.

"Malam, a tashi taron ga. A zo a yi mata sutura."

Salati ya tashi daga ɓangaren mata.

"Hamida ta cika. Yanzun ga, ana sallame la'asar."

Ladidi ta ji ƙasa na juyawa da ita. Ta dafa hannu biyu don kada ta kife.

Shamsu ya ɗago. Sai a lokacin ya lura babu wanda ya taso ya riƙe shi, babu wanda ya ce masa ya yi haƙuri. Duk idon filin ba a kansa yake ba, yana kan matar da ke durƙushe kusa da shi.

"Lahiya? Mi yaf hwaru? Inna Ladidi, mi anka yi maki?"

Mutane suka sunkuyar da kai.

Can gefe, tsoho Sodangi ya dafa ƙasa ya miƙe. Ya tako a hankali, mutane na darewa, har ya tsaya a kanta. Hawaye na bin gemunsa, amma muryarsa ko rawa ba ta yi.

"Ladidi."

Ta kasa ɗagowa.

"Ɗago ki dube shi. Uban yarinya bai ji ba. Sake hwaɗi."

*

Nan hannuna ya tsaya. Don Allah kar wadda ta kira ni yau.